Azumin da Na Sa wa Hajo Taba a Baki

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar bazara, irin zafin da kaza take buɗe baki tana haki a gindin randa. Ni yanzu ba na iya kai azumi, 'ya'yana ne ke ciyarwa a madadina, amma jikina ya gane wannan zafin. Tun ranar da aka ga wata ban daina kuka ba. Matan gidan nan suna cewa kewar Malam ce, mijina, wanda Allah ya yi wa rasuwa shekara uku ke nan. Akwai kewarsa, ba zan musa ba. Sai dai abin da ke sa ni kuka ya girmi mutuwarsa da shekara talatin. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Asabe, mai koyar da matan aure karatu, ita na roƙa ta zauna ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara komai don ta rufa mini asiri.

Wancan azumin ma a bazara ya zo. Muna ƙauyenmu a bayan Ɗanzomo. Daminar da ta gabace shi, ruwa ya ɗauke lokacin da gero yake cikin fitar da kai. Geron ya tsaya a gona kamar na ƙwarai, amma in ka murza zangarniya a tafin hannu ka hura, abin da zai rage ba ya rufe tsakiyar hannun. Rumbu biyu Malam ya saba cikawa, waccan shekarar ɗaya ma bai kai wuya ba. Shi da kansa yake hawa ya ciro dami, ya gaya mini kwanakin da yake so damin ya yi mana. Manyan 'ya'yana maza biyu sun tafi cin rani. Gida ya rage daga ni sai Malam, sai ƙanana biyu, sai Hajo.

Hajara sunanta, ita ce ta ukuna, lokacin tana da shekara goma sha huɗu. Baƙa ce doguwa, da haƙora farare tas da 'yar wushirya. Mata a bakin rijiya sukan tsokane ta da gangan don ta yi dariya su gani.

Yinin azumi a lokacin iri ɗaya ne kullum. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon gero da miyar kuka wadda ba ta san mai ba. Ana sallame asuba mu ɗauki tuluna mu nufi rijiya, don in rana ta ɗaga yashi ba ya takuwa. Rijiyar ta ja ƙasa sosai, sai mu uku mu kama igiyar guga ɗaya, abin da zai fito kuma rabinsa laka ne, sai ya kwanta a randa kafin a sha. Daga nan Malam ya ɗaura wa jaki mangala ya kai taki gona, mu bi shi mu tuge tushiyar bara mu tara mu ƙone. Kafin azahar kowa ya dawo ya nemi inuwa. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri, ƙuraje su feso wa yara a wuya. Ko awaki ba sa kuka. Da la'asar sai daka. Ni da Tasalla, maƙwabciyata kuma ƙawata tun muna amare, turmi ɗaya muke haɗawa mu yi lugude, yau a gidana gobe a gidanta. Kunun tsamiya muke damawa tsararo, har kana ganin gindin ƙwarya, sai kwaɗon busasshiyar tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu. Yau ga famfon sola a ƙofar gida, ga yara suna kawo ƙanƙara daga Gumel a kan babur. Mu ruwan randa shi ne sanyinmu.

Duk wannan yunwar da ƙishirwar ba su ne suka fi damuna ba. Taba ce. Tabar nan ta gari da ake dakawa da kanwa a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Goggona ce ta fara ba ni ina da cikin fari, wai maganin ciwon haƙori. Haƙorin ya fita, tabar ta zauna. Ganyen daga kasuwar Maigatari ake kawo mini, ina da ɗan turmina na musamman, da battar fata da nake sokewa a ƙugu, da kaskon toka a bakin ɗaki da nake tofawa a ciki. Bakina ya yi baƙi, haɓar zanena kullum da tabo. Malam bai taɓa zagina a kai ba, amma ya ware moɗarsa ta shan ruwa ya rataye a can sama, kuma na san dalili. In aka kira magariba, mutane suna kai dabino ko ruwa baki, ni batta nake fara buɗewa. Tasalla, wadda ita ma tana sawa, takan ce, "Ke Hanne, ko ɗaukar ranki aka zo yi, sai kin ce a dakata ki tofar tukuna."

Ga inda matsalar take. Haɗin taba sai da ɗanɗano. In kanwa ta yi yawa ta saɓule maka leɓe, in ta yi kaɗan kamar ka tauna busasshiyar ciyawa. Mai azumi kuwa ba ta ɗanɗanawa. Kwana takwas ina haɗawa da ka, kwana takwas yana fita ba daidai ba. Leɓena ya yi ƙuna, ina shan ruwa da haushi.

Ranar tara ga wata Hajo ta ja ni bayan ɗaki tana sunkuyar da kai, ta ce ta ga jini. Karo na farko ke nan. Na gaya mata abin da ake gaya wa yarinya, na ce ta ajiye azumi da salla sai ta yi wanka. Malama, rubuta wannan yadda yake. Abin da ya fara zuwa raina ba wai 'yata ta girma ba ne. Cewa na yi a zuciyata, na samu mai ɗanɗana mini.

Da la'asar muna gindin turmi ni da Tasalla, na daka tabata, na kira ta.

"Hajo, zo ki sa wannan a bakinki ki ji ko kanwar ta ji."

Ta yatsine fuska. "Inna, wari take yi."

"Ba haɗiyewa za ki yi ba. Nan za ki sa, ƙasan leɓe. Ki gaya mini ko tana cizo."

Tasalla ta ce, "Sa mana, 'yar nan. Uwarki shekara ashirin tana ci, kin ga ta mutu?"

Da yatsana na ɗiba, da yatsana na ja leɓenta na sa mata. Ta tsaya idonta yana ruwa. Can ta dafe bango, ta ce ƙasa tana juyawa. Ta ruga wajen turken awaki ta yi amai, ɗan ɗumamen da na ba ta da rana duk ya dawo, kaji suka taru a kai suna tsattsaga. A shekarar da muke lissafin kowace loma. Mu kuwa muka yi ta dariya, ni da Tasalla, har muna riƙe taɓarya kada mu faɗi. Tasalla tana cewa, "To an ji, kanwar ta ji." In na tuna dariyar nan har yau yawu ne ke taruwa mini a baki don ƙyama.

Washegari na sake kiranta. Ta yi jiri amma ba ta yi amai ba. A rana ta huɗu da fara ɗanɗanon ta fara cewa, "Ƙara kanwa kaɗan, Inna." Kuma in na ƙara sai ya fita daidai, ban taɓa samun haɗi mai daɗi irin na kwanakin nan ba. Ranar ta shida tana tsugune tana tankaɗe ta ce mini, "Inna, in na sa abin nan cikina yana daina kuka." Uwa ta gari da ta ji wannan sai gabanta ya faɗi. Ni daɗi na ji. Ranar na rage mata ɗumame na ƙara wa ƙannenta.

Ta yi wanka ta koma azumi, ni kuma na ɗauka magana ta ƙare.

Cikin goman ƙarshe, wata rana bayan azahar, na zaga bayan rumbu neman kara. Sai na ga tsartuwa a kan yashi, ja-baƙa, wuri uku. Na san tawa, na san ta Tasalla. Wannan ƙarama ce, kuma ɗanya, da rana tsaka a cikin azumi. Na fita ba takalmi, yashi yana gasa mini ƙafa, na same ta a gindin gawo tana tsintar wa awaki 'ya'yansa.

"Buɗe bakinki."

Ta ƙi. Na matse mata kumatu, na sa yatsa na ƙwaƙulo. Ga ta nan, baƙa, jiƙe da yawu. A gefen mayafinta kuma ga ƙulli, daga battata take tsakura in na kwanta. Kwana nawa tana tashi sahur tare da mu, tana zama da mu a yi buɗa-baki, alhali ba azumi a bakinta? Ban tambaya ba. Na ja ta gida na dake ta da igiyar guga har hannuna ya gaji, ina haki, ina kiranta marar tsoron Allah. Malam yana gona, bai sani ba, na kuma ce duk wanda ya gaya masa sai na yanke masa harshe.

Da aka sha ruwa, Malam ya fita masallaci, na zaunar da ita a gabana don in yi mata faɗa na hankali. Na riga na cusa tawa. Na fara, ƙazanta ce, tana ɓata haƙori, ba namijin da zai so mace mai warin baki, kin karya azumin Allah a kan garin ganye. Ina cikin magana yawu ya cika mini baki, ya zubo ta gefen leɓena, ya gangaro haɓa. Hajo ta miƙa hannu, da shatar igiya a damtsenta, ta turo mini kaskon toka gabana, yadda ta saba yi tun tana ƙarama. Na tofa. Na ci gaba da faɗan.

Daga nan har bayan salla babu abin da ban gwada a kanta ba. Na daka barkono na zuba a wata batta na ajiye inda za ta gani, ta ɗiba, bakinta ya kumbura kwana biyu. Na jiƙa ɓawon maɗaci na ce duk safiya ta kurkure baki da shi. Na karɓo mata rubutu wajen wani malami na ce masa na ciwon ciki ne. Na sa ta rantse. Ina caje mayafinta, ina shinshina bakinta kamar akuya. Battata kuwa na mayar da ita cikin pantekar da ke ƙarƙashin gado, kullum ina sauya mata wuri. Ban taɓa tunanin in jefar da ita ba. A ganina ni babba ce, tawa ta riga ta zama jiki, ita ce yarinya da za a gyara.

Ruwan shuka ya makara. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta watsa shi, haka har sau uku. Ranar da ya sauka da yamma, muka tsaya a tsakar gida yana dukanmu, ƙanshin ƙasa ya tashi, ƙananan suna tsalle tsirara. Da sassafe kowa ya fita gona. Malam yana gaba da sungumi yana sara, Hajo tana bin sa da ƙwaryar iri tana jefawa tana rufewa da diddige, ni ina layi na biyu. Ciki ba komai sai ruwan kunu. Mun kai tsakiyar gona sai na ji tsirt. Malam ma ya ji. Ya juyo, a zatonsa ni ce. Sai ya ga Hajo tana goge baki da bayan hannu, ga abin da ta tsartar a bakin ramin da ya sara yanzun nan.

Ya daɗe yana kallon ramin. Ya ce, "Hajara, je ki inuwa ki zauna."

Da ta yi nisa na fara zuba. "Malam, na yi duka, na yi barkono, na yi maɗaci. Yarinyar nan taurin kai ne da ita, ban san inda ta..."

"Hanne," ya ce, "shekara ashirin ina shan ruwa a moɗa daban a cikin gidana, ban ce miki komai ba. Na ce jikinki ne. Ashe shirun nan nawa ma laifi ne." Ya nuna bakina da ƙotar sungumi. "Da wannan a leɓenki kike yi mata faɗan?"

Ban amsa ba, don in zan amsa sai na tofar tukuna. Ya juya ya ci gaba da sara.

A ranar nan, da muka koma gida, na sa ɗan turmin a murhu. Ya daɗe yana ci, hayaƙinsa yana warin taba, na dama kunu a kansa. Battar na jefa a masai.

Kada wata ta ce miki barin abin nan sauƙi ne. Lokacin noman farko ne, lokacin da rumbu ya koma sai ƙaiƙayi, sabo kuma bai zo ba. Ina duƙe da fartanya kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki. Yunwar da tabar take danne mini shekara da shekaru duk ta taso lokaci ɗaya. Na tauna asuwaki har dasashina ya yi jini, na tauna kanumfari, na tauna citta, na gwigwiyi goruba. Hannuna yana kai kansa ƙugu yana laluben battar da babu. Na mari ƙaramin ɗana a kan ya zubar da gishiri. Sau biyu na je har ƙofar gidan Tasalla na tsaya, ina jin ƙarar ɗan turminta, na juyo. Sai wajen maimai, wato noma na biyu, gero ya kai gwiwa, na wayi gari na ji ƙanshin rama a tukunya, na gane rabon da in ji ƙanshin abu sosai tun ina amarya. Na bari. Daga ranar shukar nan har yau ban ƙara sawa ba.

Na ɗauka in na bari Hajo za ta bari. A gabana ta bari. Ta daina tsartuwa, na daina shinshina bakinta, har na fara yi wa kaina kirari a zuci. Sai da kaka, muna sussukar sabon gero, na aike ta gidan Tasalla aron rariya ta daɗe. Na bi ta. Na same su a bayan ɗaki, Hajo ce ke riƙe da 'yar taɓarya tana haɗa wa Tasalla, kowacce da nata a leɓe. Ta koyi haɗiye yawun don kada in ga alama.

Na ce, "Tasalla, 'yar tawa?"

Ta ce, "Yo ni na koya mata? Hannunta ya fi naki iya haɗi ma. Ke da kika tuba jiya-jiya kada ki zo ki yi mana wa'azi."

Daga ranar ban ƙara haɗa turmi da Tasalla ba har ta bar duniya, Allah ya gafarta mana baki ɗaya. Amma ba ƙarya ta yi ba. Na kama hannun Hajo muka fito. Ban dake ta ba. A hanya na ce, "Kin ga ni na bari. In tsohuwa ta iya, ke ma za ki iya." Ta ce, "Ina so, Inna. In na kwana biyu ban sa ba sai in ji kamar zan haukace." Na san abin da take nufi, don na ji shi a jikina. Ni na yi shekara ashirin na fita. Ita wata bakwai kawai, ta kasa.

Yanzu matan da ke zuwa karatu wajen Malama ina jin su ta katanga suna kukan 'ya'yansu, wannan nata yana shan maganin tari, waccan tata ba ta ajiye waya. Ba na sa musu baki. Ban san abin da ke cikin gidajensu ba, nawa kawai na sani.

Hajo ta yi aure tana da sha takwas, wani mai awon hatsi a Maigatari, mutumin kirki, ita ta ce tana so. Can kuwa ganyen a bakin ƙofa yake. Ta haifi bakwai. Ta bari da cikin fari ta koma, ta bari da mahaifinta ya roƙe ta yana jinyar ajali, ta yi wata huɗu ta koma. Haƙoran nan da mata ke tsokanarta don su gani suka rine, wushiryar ta buɗe, biyu na ƙasa suka zube. In za ta yi dariya sai ta kare baki da mayafi.

Bara da kaka wani miki ya fito mata a ƙasan leɓe, daidai inda take sawa. Aka yi na gida bai warke ba. Ya ci ya shiga dasashi, ya fara wari, har jikokina suka daina cin abinci kusa da ita. Daga asibitin da muka fara zuwa aka tura mu Kano. Na ce sai na bi su, ko da za a ɗauke ni a hannu.

Likitan yaro ne, bai fi sa'an babban ɗanta ba. Ya haska bakin da 'yar fitila, ya daɗe yana dubawa, ya ce sai an yanke wani sashe na muƙamuƙin, kuma ko an yanke ba zai yi mana alkawari ba. Sannan ya ɗauki biro, ya dubi Hajo.

"Baba, tun yaushe kike sa tabar?"

Maganarta ba ta fita sosai. Ta ce, "Tun ina 'yar sha huɗu."

Ya ɗago kai. "Sha huɗu? Wa ya ba yarinya 'yar sha huɗu wannan abin?"

Ina zaune a gefenta a kan benci, cinyata tana taɓa tata. Na ji ta ɗan matsa hannuna a ƙarƙashin mayafi.

"Ba kowa, likita," ta ce. "Ni na ɗauka da kaina."

Ya girgiza kai ya rubuta abin da ta faɗa. Ni kuwa ina nan zaune da bakina lafiyayye, na yi shiru.